Yadda Na Auna Taya da Igiyar Akuya

Tun da na dawo daga Kusuri ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta Gwange sai wani ya matso: "Jidda, wai me ya faru ne a hanya?" In na shiga kasuwar shanu, kafin in dafa bijimi ɗaya mutum uku sun tare ni. Har limamin unguwarmu, ana sallame salla ya juyo ya ce, "Alhaji, an ce ka buɗe shagon taya a Kamaru." To na gaji. Zan rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, a bar ni in huta.

Amma a fara sanin wanda ke magana. Duk garinmu Yerwa babu mai ido irin nawa. Shekara talatin ina dillancin shanu, ubana makiyayi, kakana makiyayi. Ina hango bijimi daga nesa zan faɗa maka shekarunsa da nauyinsa da irin ciyawar da ya ci shekaranjiya. Ban taɓa riƙe ma'auni ba. Idona ne ma'auni, tafin hannuna ne sikeli. Mutum irin wannan wai taya ce za ta gagare shi? Abu baƙi, kewayayye, da rami a tsakiya?

Ga yadda tafiyar ta taso. Wata Lahadi aka bugo waya daga Kusuri, garin nan na Kamaru da ke kallon Injamena ta ƙetaren kogi. Baa Modu ne ba shi da lafiya, yayan surukata Hajja Falmata. Su biyu suka rage a ɗakinsu, kuma tun da hanya ta lalace, shekara goma sha ɗaya ke nan, ba su sa juna a ido ba. 'Ya'yansa za su fitar da shi waje a yi masa aiki a zuciya. Jirgi zai tashi daga Injamena ran Alhamis, za su bar gida ƙarfe takwas na safe. Tsoho ya ce abu ɗaya yake so kafin ya hau: ya ga Falmata. Dukansu sun haura saba'in. Kowa a gidan ya gane abin da ba a faɗa ba.

Ita Hajja sai an yi muku bayaninta. Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarta Yagana, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba in ban da amsa gaisuwa. Ko ina tsaye a gabanta tana son buta, sai ta dubi bango ta ce, "Yagana, ki ce wa baban yara ya miƙo buta." Ko da kuwa Yagana tana kasuwa.

Yayan matata ya ce a ɗauki shatar mota da direban da ya san hanyar. Na bugi ƙirji har na yi tari. "Ina raye a sa Hajja a motar haya? Ni zan kai ta. Talata mu tashi, Talata mu sha shayin magariba a Kusuri."

Motata ina kiranta Karsana, duk da cewa a shekaru ta isa ta yi jikoki. Doguwa ce mai kariyar ɗaukar kaya a sama. Ran Litinin na kai ta gareji a sauya mata mai, bakanike ya leƙa ƙasa ya ce, "Alhaji, tayoyinka na baya sun sha wuya, safayar kuma ban san ranar da ta ga rana ba. Hanyar Gamboru sai da guzurin taya." Na ce wannan mai sauƙi ne. A but akwai igiyar da nake ɗaure akuyar gidanmu in za a kai ta wajen bunsuru. Na ɗauko, na auna tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama, na ƙulla. Na auna faɗinta, na sake ƙullawa. Na hau keke mai ƙafa uku sai layin masu taya.

Na faɗa shagon wani dattijo mutumin Biu, Malam Bitrus, mai tabarau a kan karan hanci.

"Lamba nawa, Alhaji?"

"Ga lamba," na ce, na warware igiya.

Ya dubi igiyar, ya dube ni ta saman tabarau. "Wannan ta rago ce ko ta mota?"

"Ta gwani ce."

"Alhaji, a jikin tayarka akwai rubutu. Ka buga wa bakaniken ya karanto maka. Minti ɗaya ne."

Na ce ni ba na tambayar kowa shekarun bijimi, haƙora nake dubawa. Na shiga cikin tulin tayoyin Baljiyam ina latsawa, ina bugawa, ina sa yatsa cikin zanensu. Sai ga wasu guda biyu, masha Allah, kumatu cike, haƙora ba su suɗe ba. Na ɗora igiya. Tsayi ya zo daidai ƙulli. Faɗi ya zo daidai ƙulli. Har sun fi nawa ƙiba.

"In ba su shiga ba fa?" in ji Malam Bitrus.

"In ba su shiga ba, ka daina kirana Jidda."

"To me zan kira ka?"

Na biya, na kwashi tayoyina na koma gareji. Na ɗaure su a saman Karsana da igiyar nan tata, da niyyar duk inda aka samu mai faci a sa su a wili. Ai kowane gari da mai faci.

Talata da asuba ni da Yagana muka ɗauko Hajja a unguwar Shehuri. Na zata jaka ɗaya ce. Sai ga buhun gero, buhun wake, galan na man shanu, turaren wuta kwalba goma sha wani abu, tabarmi, da wata tukunyar ƙasa da aka naɗe da bargo kamar jaririya. Karsana ta durƙusa. Na ce wa Yagana a hankali, "A Kusurin ba sa noma ne?" Hajja ta dubi gilashi ta ce, "Yagana, ki ce wa baban yara geron gonar babanmu ne."



A mashigar Muna muka tarar da jerin motoci har ba a ganin ƙarshensa, ana jiran rakiyar sojoji. Wanda bai taɓa bin hanyar nan ba ba zai gane ba: ba kai ke cewa a tafi ba, ba kai ke cewa a tsaya ba. Muka zauna tun bakwai har rana ta fara cizo. Na fita na dawo ya fi sau ashirin. Na sayi gyaɗa, na sayi ruwa, na yi wa wani direban tirela wa'azi a kan tayoyinsa. Hajja tana baya tana jan carbi. Sai wajen sha ɗaya aka ɗaga mana hannu.

Hanyar kuwa, ramukanta suna da unguwanni. Akwai wanda in ka shiga sai ka yi sallama da na bayanka. Mun wuce Mafa, muna dosar Dikwa, sai na ji fuuu, Karsana ta karkata dama. Wani guntun ƙarfe ya yanki tayar baya a gefe, yanka irin na mahauci.

Nan wasa ya ƙare. Jerin motoci ba ya jiran kowa, kuma daji ne hagu da dama, irin wanda ba a son a daɗe ana kallonsa. Motoci suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya. Safaya tana ƙarƙashin gero, gero yana ƙarƙashin wake. Ni da nake haki in na ɗaura takalmi, ran nan na sauke buhu biyu da hannu ɗaya. Yagana ta riƙe jak, wani direba mai tsoron Allah ya tsaya ya kama mini sifana. Motar sojojin ƙarshe ta iso, wani ya leƙo ya ce, "Baba, minti biyar." Muka gama a huɗu. Na koma mazaunina, bakina kuwa bai mutu ba. Na ce, "Kun gani? Ga kuma wasu biyu a sama. Shiri ke nan."

Ba mu shiga Gamboru ba sai bayan la'asar, an riga an rufe gadar kan iyaka. Shayin magaribar Kusuri ya zama na Gamboru. Muka sauka gidan Alhaji Umara, mai masaukina na harkar shanu, wanda in ka yi sallama sau ɗaya sai ya ce "wushe", wato sannu, sau goma sha biyu. Aka kawo burabusko da miyar busasshen kifi, kifin da ya fi tafin hannuna faɗi. Na ci har na manta sunan unguwarmu. Yagana ta fito daga wajen mata ta ce, "Baban Fanna, ga mai faci can bakin titi bai tashi ba. Ka kai a sa sabuwar a wili."

"Gobe."

"Yanzu fa babu safaya."

"Akwai biyu a sama, Yagana. Kina ganinsu, Allah yana ganinsu."

Laraba da safe na ce a fara ƙetarewa kafin layi ya yi tsawo. Gadar kanta ba ta kai tsawon layinmu na Gwange ba, amma mun fi awa huɗu a kanta da gefenta. Wannan ya buga hatimi, wancan ya duba hatimin, na uku ya tambayi dalilin da ya sa aka buga. Ta ɓangaren Kamaru, a garin Fotokol, aka ce sai an yi wa mota takardar shiga. Mai sa hannu ya fita. Da ya dawo, biro ya fita. Ni kuma Faransancina kalma biyu ne, na yi ta juya su kamar waina.

Abin da na lura da mutanen can: ba sa sauri, kuma ba sa jin kunyar rashin saurin. Burodinsu dogo ne kamar sandar kiwo, a hammata ake ɗaukarsa, in ka gutsura sai dasashinka ya yi ƙara. Shayinsu a ɗan kofin gilashi, kurɓa biyu ya ƙare, mu da muka saba da kofin da za ka iya alwala a ciki. Jandarma kuma, wato ɗan sandansu, ba ya cewa "yaya hanya" kamar namu. Sai ya sara maka tukuna, cikin ladabi, sannan ya tsare ka awa guda.

Azahar ta yi kafin mu fita. Muka bi ta gaban masu taya na Fotokol, shago ya fi biyar, ga masu faci a zaune suna hamma. Yagana ta ce, "Baban Fanna." Na ce lokaci ya ƙure, Kusuri ai nan ce da nan. Na taka mai.

Ba mu yi awa ɗaya da rabi ba. Rana tana dukan ƙasar firgin nan, baƙar laka da ta bushe ta tsattsage, sai na ji daram! kamar an harba bindiga a cikin but. Safayar ce ta tarwatse. Ba fashewa ba, tarwatsewa: ta baje kamar an yanka kabewa. Allah ya taimake mu ba gudu nake ba, kuma ga wani ɗan ƙauye a gaba, bukkoki da masallaci da bishiya ɗaya. A ƙarƙashin bishiyar an rataye tsohuwar taya. Na ce, "Alhamdu lillahi, ga mai faci. Yanzu za ku ga amfanin shiri."

Sunansa Usta Mahamat, siriri, da furfura a gemu, ya ce ya yi shekara tara yana faci a Yerwa, don haka Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu. Na hau na kwance igiya, na mirgino masa ƙosassun tayoyina ina taƙama. Ya cire yagaggiyar daga wili. Ya ɗora tawa a kai. Ya tsaya. Ya tofa yawu a yatsa ya goge gefenta, ya karanta. Ya je ya goge ta jikin mota, ya karanta. Sannan ya zauna a kan dutse.

"Hajji, wa ya saya maka waɗannan?"

"Ni da kaina."

"To babu wanda za ka yi wa faɗa."

Ya kira ni da yatsa. Na tsuguna, gwiwoyina suna ƙara. A jikin tayar motata, ga shi ɓaro-ɓaro, rubutun da na yi shekara goma ina wankewa ban taɓa karantawa ba: 195/65 R15.

"Wannan na farko faɗinta ne, da milimita. Ɗari da casa'in da biyar. Naka sababbin ma haka, ka ci wannan. Na biyun tsayin kumatunta ne, daga bakin wili zuwa ƙasa, kashi sittin da biyar cikin ɗari na faɗin. Harafin nan irin saƙar da ke cikinta ne, bar shi. Na ƙarshen nan shi ne maganar. Faɗin wili, da inci. Motarka sha biyar take ci." Ya jawo tawa: 195/70 R14. "Wannan sha huɗu."

"Ɗaya ne fa kacal tsakani!"

"Ɗaya ne."

"Amma na auna! Tsayinsu ɗaya!" Na zaro igiya na ɗora a gabansa. Ƙulli ya zauna daidai, a nan da can.

Usta ya karɓi igiyar ya jujjuya ta da girmamawa. "Wallahi awonka daidai ne. Ramin wannan ya fi ƙanƙanta, kumatunta sun fi tsayi, sai suka tashi kusan kai ɗaya ta waje. Ka auna ko'ina, Hajji. Inda wili ke shiga ne kawai ba ka auna ba."

Na ce a sa sabulu. Ya ce ko man shanun Hajja za a juye. Na ce a ɗan ɗumama ta a wuta ta saki. Ya ce a bakinta akwai wayar ƙarfe, ba ta san wuta ba, in aka matsa mata ta tsinke, ranar da ta ga dama ta kashe mu. Na ce to a faci ta jiya. Ya zura hannunsa ta yankan har wuyan hannu ya gaishe ni ta ciki.

Sai ya ɗauko gawar safayar ya nuna mini wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zobe. "Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Autanka shekararsa nawa?"

"Sha biyu."

"To ya riƙa gaishe ta. Yayarsa ce."

Da a majalisa ne da na fi kowa dariya. Amma na waiga. Hajja ta fito daga mota, Yagana ta shimfiɗa mata tabarma a gindin bishiyar. Ba alƙibla kawai take kallo ba, hanyar Kusuri take kallo, ko ƙiftawa ba ta yi. Laraba ce, la'asar ta kusa. Layukanmu na waya sun mutu tun bayan gada. Da wayar Usta muka samu babban ɗan Baa Modu, ya ce motar gidan ɗaya ce, tana Injamena da tsoho wajen gwajin ƙarshe, ba za su dawo ba sai dab da rufe gadar Injamena. Motocin haya biyu suka wuce, mutane har a kan rufi. Babur kuwa, gwiwoyin Hajja ba za su iya ba.

Yagana ta zo ta tsaya kusa da ni, ba ta dube ni ba. "Na ce mata ko gobe da asuba mu roƙi wata mota ta ɗauke ta ita kaɗai. Ta ce a'a."

"Me ta ce?"

"Ta ce da kai ta fito, da kai za ta isa."

Na fi son a ce zagina ta yi.

Usta ya ce abu ɗaya ya rage: in koma Fotokol a kan babur da tayoyina biyu, in nemi mai sha biyar a yi musaya. Na ce ya rubuta mini lambar a takarda. Ya nuna aljihuna. "Wayar nan taka, ko ba layi, ba ta ɗaukar hoto ne?" Na ɗauki hoton gefen tayar. Daƙiƙa biyu. Abin da Malam Bitrus ya roƙe ni ke nan ran Litinin.

"Ka duba na bayan ma," in ji shi. "Ka ga 91 da harafin H? Lambar nauyin da za ta iya ɗauka ce, kilo ɗari shida da 'yan kai. Da wannan geron naku kada ka karɓi ƙasa da haka. Harafin na gudu ne, wannan bai shafe ka ba, motarka ba za ta kai can ba ko an jefo ta daga sama."

Aka kira mai babur. Ya ce hanya mafi sauƙi in zura tayoyin a jikina kamar zobe. Na ɗaga hannu aka zuro ta farko. Ta wuce kai, ta wuce kafaɗa da ƙyar, ta zo tumbi ta ce nan ne iyaka. Mutum uku suka ja ta kafin ta fita, rabin ƙauyen suna kallo.

"Kai ma sha biyar ne, Hajji," in ji Usta.

A baya aka ɗaure su da tsumman roba, na zauna a kansu kamar buhun gawayi. Tafiyar nan ba zan ba da labarinta ba, ƙashin bayana ne ya san ta.

A Fotokol na bi shagunan nan da na wuce ina hura hanci. Na farko ya fito da wata ya rantse ita ce. Na buɗe hoto, na tofa yawu, na goge: 185, kuma 88 a baya. Na ce siririya ce, ba za ta ɗauki gero ba. Na biyu ya kawo wata kyakkyawa kamar amarya, idona ya so ta, hannuna ya so ta, na karanta: sha shida. Na ce wa idona ya yi mini shiru. Rana tana sauka, ni ina zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai. A shago na huɗu, wata mata ce mai shagon, ƙatuwa, tana cin gyaɗa. Ta dubi hoton sau ɗaya ta shiga ciki ta mirgino wata mummuna, duk ƙura, wadda da a Yerwa ne ko kallonta ba zan yi ba. 195/65 R15, 91H. Na nemi ɗan zoben, shekararta huɗu. Na karanta sau uku kamar mai haddar allo. Ta karɓi ƙosassuna biyu ta ba ni mummunarta ɗaya, ta bi ni da wata magana da Faransanci wadda ta sa duk layin dariya. Ban nemi fassara ba.

Bayan magariba muka iso ƙauyen. Usta ya sa ta a wili, ta shige kamar gidan ubanta. Amma an riga an ja shingen hanya, ba mai wucewa sai safiya. Ya kai su Hajja ɗakin matarsa, ni aka ba ni tabarma a rumfa. Aka kawo tuwon jar dawa da miyar kuɓewa busasshiya. A can kowa da kowa kwano ɗaya, ba a surutu, a gama a tashi. Ni ma ran nan ban yi surutu ba, kuma loma uku na yi. Yagana ta ce Hajja ruwa kawai ta sha.

Alhamis, ana sallame asuba muka tashi. Taya huɗu, babu ta biyar. Usta ya leƙo ta taga ya ce, "A hankali. Duk ramin da ka gani, ka gaishe shi ka kauce." Ban taɓa tuƙi irin na ran nan ba. Ido ɗaya a hanya, ɗaya a agogo, kunne a tayar baya. In na taka, in tuna babu safaya. In na sassauta, in tuna ƙarfe takwas. Gumi ya jiƙa hulata tun rana ba ta fito ba.

Bakwai da 'yan mintuna muka iso shingen Maltam. Jandarma ya sara mini, ya karɓi takardu, ya shiga karanta su tun daga bismilla. Ya zagaya mota. Ya nuna gero. Ya nuna tukunya. Ni ina ta juya kalmomina biyu, agogo yana tafiya. Sai na ji gilashin baya yana sauka. Hajja, wadda ban taɓa jin muryarta ta wuce ta mai addu'a ba, ta yi masa magana da Larabcin Shuwa, a hankali, jimla uku. Ta ce ɗan'uwanta yana bakin ƙofa za a tafi da shi. Ta ce shekara goma sha ɗaya. Ta tambaye shi ko yana da 'yar'uwa. Mutumin nan ya miƙo takardun da hannu biyu, ya ɗaga shingen da kansa.

Takwas saura kwata muka shiga layin gidan. Mota tana ƙofar gida, an gama loda jakunkuna, injin yana aiki. Baa Modu yana zaune a baya, ƙofa a buɗe, ƙafarsa ɗaya a ƙasa. Daga baya aka gaya mana tun bakwai ya sauke ƙafar nan, ya ce duk wanda ya isa ya zo ya ɗaga.

Ban gama tsayawa ba Hajja ta buɗe ƙofa. Matar da sai an riƙe ta take hawa dakali, ita kaɗai ta taka har wajensa. Na zata za a yi kuka da salati. Sai ta kama hannunsa ta tsaya tana kallonsa.

"Modu, ka tsufa."

"Ke ma, Falmata. Kin kawo geron?"

"Na kawo."

Sai ya ja ƙafarsa ciki ya matsa mata. Ta shiga ta zauna kusa da shi, aka rufe ƙofa, ta raka shi har bakin gadar Injamena. Ni na juya ina duba tayar baya, don wani abu ya faɗa mini a ido. An yi wa Baa Modu aikin, ga masu tambaya. Yana can yana jinya, an ce har ya fara faɗa da masu ba shi abinci.

Kafin su dawo daga rakiya an shimfiɗa mana darduma a tsakar gida, ga shayi, ga sandar burodi. Kofi na uku ya dawo mini da ruhina. Maƙwabta suka taru jin labarin hanya, ni kuwa na gyara zama. Na ba su labarin yadda na sauya taya cikin minti huɗu a tsakiyar daji. Na ba su labarin yadda na ƙi tayoyi biyu a Fotokol da kallo ɗaya. Har na tashi na kai su wajen Karsana ina koya musu: wannan faɗi, wannan kumatu, wannan wili, mutum bai kamata ya sayi taya da ka ba. Ina cikin cewa, "Ni dama tun ina yaro ido gare ni," sai na ji an ce daga bayana:

"Jidda."

Muryar Hajja ce. Sunana. Shekara ashirin da biyu. Na juya, na cire hula, na durƙusa har ƙasa, zuciyata tana cewa yau za a sa maka albarka a gaban jama'ar ƙasa biyu.

Ta buɗe jakarta ta zaro wani abu a naɗe. Igiyar ce, da ƙullinta biyu. Ashe ta tsince ta a gindin bishiyar Usta. Ta miƙo mini da hannunta, kuma da Hausa ta faɗa, don kada in ce ban ji ba:

"Ungo. In mun koma ka mayar wa akuyar kayanta. Ita ta san abin da ake yi da shi."